Rawar Da Na Taka Ranar Babbar Juma'a

Ku matso kusa, 'yan'uwana mata, don maganar yau ba ta son iska ta kwashe ta. Mazan da suka leƙo ban kore ku ba, amma duk wanda ya yi min dariya Allah ya haɗa shi da matsattsen wando ranar da aka ɗauke wuta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Yuranis, shekarata ashirin da huɗu, ina gyaran farce a wani shagon kwalliya a nan birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya. Ina zaune da mahaifiyata, wadda nake kira Mami, da yayarta Tía Eufrasia. Gidan na Tía ne, kujerun nata ne, har akun da ke tsakar gida muryarta yake kwaikwayo. Tun da mahaifina ya tafi neman aiki bai waiwayo ba ita ta riƙe mu, ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta taɓa bari mun manta da ko ɗaya cikin biyun ba. Mami ko gishiri za ta ƙara a miya sai ta fara duba fuskar Tía. Saboda haka duk namijin da ke son aurena, ba wajen Mami zai je ba.

Namijin kuwa akwai shi. Dairo, mai gyaran fanka da na'urar sanyaya ɗaki, dogo, mai wushirya, hannunsa kullum da ɗan baƙin mai. Shekara guda muna tare, kuma abin da ya taɓa shiga tsakaninmu bai wuce riƙe hannu ba, sai wata sumba ɗaya a bakin ƙofa wadda karen maƙwabta ya katse. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Tía kuwa ɗan mai shagon kayan gini take so min, wani mai mota da tumbi.

“Mai gyaran fanka?” in ji ta kullum. “To iska za ku ci?”

Ana saura mako biyu bikin Ista saƙonsa ya shigo ina tsakiyar shafa wa wata mata jan farce.

“Sarauniya, Mama ta ce ki zo cin alawa ranar Babbar Juma'a. Da Mami da Tía, duka.”

Sai da na shafa wa matar ja har kan fata. Kun san a makon Ista kowane gida na dafa alawa, ta doya, ta gwanda, ta kwakwa, ta ɗanyen mangwaro, ana aika wa maƙwabta a ƙananan kwanuka. Amma uwa ta kira budurwar ɗanta ta zauna a teburinta ta ci, wannan ba ciyarwa ba ce, dubawa ce.

Na zaci Tía za ta hana. Ina! Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta tsayar da ido a cikina.

“Yaron bai kwanta min ba,” ta ce, “amma ba za a ce 'yar gidana ta je gidan mutane da ciki kamar buhun shinkafa ba. Tashi.”

Sana'ar Tía ke nan, sayar da faja, ɗamarar robar nan da ke kama mace daga ƙarƙashin ƙirji har cinya, ta mayar da tumbi inda Allah bai ajiye shi ba. Rabin amaren unguwarmu a cikin fajarta aka ɗaura musu aure, numfashi ɗaya-ɗaya. Ta zaro min wata baƙa mai layin ƙugiyoyi da zif, ta sa gwiwa a bayana, Mami na ja ta gefe, har sai da na ga taurari da rana tsaka.

“Dare da rana,” in ji Tía. “Wanka kaɗai zai raba ku. Ƙugu ba a haihuwarsa, horar da shi ake yi.”

Na duba madubi. Kai, jama'a, na yi kyau! Wannan shi ne abin haushin. Na ɗora matsattsen wandona a kai na fita ina taku kamar wadda ta sayi titin.

Abin da ban lissafa ba shi ne zafin garin nan, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Ga motar haya cike da mutane, ga shagonmu da fankarsa ta lalace, ni kuma girman kai ya hana ni kiran saurayina ya gyara don kada ya gan ni ina gumi. Ga kuma haƙorin da aka cire min satin da ya wuce, ina ta haɗiyar kafso mai kashe ƙwayoyin cuta safe da yamma. Kamfaina kuwa, irin na leshi mai santsi, a banɗaki nake wanke su in rataye a kan famfo kamar yadda kowace mace ke yi a gidanmu, in saka su da ɗan danshi-danshinsu don sauri.

Bayan 'yan kwanaki baƙo ya sauka.

Da farko ɗan ƙaiƙayi ne, can ƙasa, inda ba a sosawa a gaban mutane. Na ce gumi ne. Kashegari ya zama kamar an zuba min tururuwa an rufe da zif. In na je fitsari sai na ciji leɓe saboda zafi. Wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ga wani farin abu mai kauri da ke fita, gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke. Wari dai babu, wannan kaɗai na gode wa Allah a kai.

Me na yi? Abin da wawaye ke yi. Na sayo sabulu mai ƙamshin furanni na dinga dirza ciki da waje, ina ganin ƙazanta ce. Kamar na zuba wa wuta kananzir. Na ɗauki waya na bincika, wayar ta nuna min hotunan da suka hana ni cin abinci. Daga nan na fara ɓuya.

“Sarauniya, kwana biyu kin yi tsada. In biyo mu sha sanyi?”

“Aiki ya yi yawa.”

“Na yi laifi ne?”

“A'a.”

“To turo min murya in ji.”

Ban tura ba. Yaya za a yi in buɗe baki in gaya wa Dairo abin da ni kaina ban iya faɗa wa madubi ba?

Ranar Alhamis da hantsi asiri ya tonu. Ina kicin ina kallon Mami tana tuƙa alawar doya a babbar tukunya, kirfa da madara sun cika gida da ƙamshi, sai ga Tía ta fito daga banɗaki riƙe da kamfaina a kan tsinken tsintsiya.

“Wa ya ba ki?”

“Tía, ba ni me?”

“Kada ki raina min wayo. Kwana nawa ina ganin kina tafiya kamar ƙaguwa? Ciwon sanyi ba ya faɗowa daga sama, namiji ke kawo shi. Mai fankar nan ne ko?”

“Na rantse da Allah, Tía, bai taɓa…”

“Kowa haka take rantsuwa.”

Na juya wajen Mami. Mami ta ƙara wa muciya ƙarfi, idonta na cikin tukunya. Tía ta jawo wani baho da ke shirye da ruwan ganye da ruwan tsami ta ce in zauna, na zauna na miƙe da ihu, aku ya ɗauka yana maimaitawa. Ta ce gobe za mu je gidan su Dairo, ba fashi, tana so ta ga fuskar uwar da ta haifi yaron. Na roƙe ta har da hawaye kada ta ce komai. Ta ɗaga gorar ruwanta, wadda 'yan watannin nan ba ta rabuwa da ita, ta shanye rabi.

“In ba a taɓa ni ba, ba zan taɓa kowa ba,” ta ce.

Mami ta raɗa min a kunne tana zuba alawar a kwano mai murfi: “In an tambaya, ki ce ke kika dafa.”

Ranar Juma'a na saka doguwar riga mai ruwan malmo, mai dogon hannu, 'yan kunne ƙanana, gashina a naɗe baya kamar mai zuwa neman gafara. A ƙarƙashi kuwa faja na nan daram, don Tía ta ce ko gawa ce sai ta je da ƙugu. Ita ma ta ɗaure kanta cikin tata, ta ɗora baƙar riga da mayafin leshi, gora a jaka.

Dairo ya tare mu a ƙofa cikin farar riga, farcensa fes, da alama ya kwana yana gogewa. Ya dube ni da idon tambaya, na sunkuyar da kai.

Mahaifiyarsa, Doña Ledis, 'yar guntuwar mace ce mai tabarau, carbi naɗe a hannu. Tun a mota Mami ta karanta min dokokin gidan Doña Ledis na wannan rana, ranar da aka gicciye Yesu: ba kiɗa, ba rawa, ba dariya mai ƙarfi, ba a taɓa allura, ba a taɓa wuƙa ko almakashi. Ko kifin da za a ci tun jiya aka yanka. Rediyo na kan tebur, fada na wa'azi a hankali cikin murya mai sa barci.

“Ku zauna, ku zauna,” ta ce.

Kujerun falonta har yanzu da ledarsu ta kanti. Jama'a, leda! A wannan zafin! Na ɗosana a bakin kujera, gumi ya fara tsiyaya a cikin faja, tururuwan suka farka gaba ɗaya.

Aka kawo alawa kala-kala a ƙananan faranti. Doña Ledis ta buɗe kwanonmu ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

“Wa ya dafa wannan?”

“Ni ce, Doña,” na faɗa, Allah ya yafe min.

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Na matse cinyoyi. Na ɗora ƙafa kan ƙafa, na sauke. Na ciji cokali. Sai na gane in na ɗan karkata hagu, sannan dama, bakin kujerar na sosa min kaɗan. Hagu, dama. Ledar na cewa ƙiii, ƙiii. Daɗin da na ji ya sa na manta inda nake. Na ƙara da ɗan juyi, kafaɗa ta shiga, ina jin idona ma ya rufe.

Sai na ji an kashe rediyo.

“'Yata,” in ji Doña Ledis, tana kallona ta saman tabarau, “rawa kike yi?”

“A'a, Doña.”

“Ina da ido. Ranar da Ubangiji ke kan gicciye kike kaɗa min ƙugu a falo? Da wa'azin fada kike takawa?”

“Mama, kujerar ce ke da santsi,” Dairo ya yi saurin cewa.

“Shekara nawa ake zama a kujerar nan, ba wanda ta taɓa koya wa rawa. Ban san irin tarbiyyar da…”

To, an taɓa Tía. Ta dire farantinta.

“Dakata, Doña. Tarbiyyar gidana ba ta da tabo. Wannan ba rawa ba ce, tsarabar ɗanki ce. Ciwo ya sa wa yarinya, ga ta nan ko zama ba ta iyawa. Ki tambaye shi inda ya kwaso!”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja murfi. Mami ta ce “Eufrasia…” a hankali, ta haɗiye sauran. Dairo ya miƙe tsaye. Bai kalli Tía ba, ni ya kalla.

“Yuranis, ba ki da lafiya? Shi ya sa kike guduna?” Muryarsa ta yi ƙasa. “Kin san ban taɓa ki ba. Gaya musu.”

Kalma ɗaya ce fa. Amma kunya ta hana ni furta ta, sai hawaye. Ya jira. Da ya ga shiru ya yi yawa, ya gyaɗa kai, ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya fita. Ƙarar babur ɗin ta yi nisa ina ji, kuma a ranar na san yadda zuciya ke yi in ta ga abin da take so yana tafiya saboda wautarta.

Doña Ledis ta ajiye carbi. Ta kamo hannuna.

“Zo nan. Ku kuma ku ci alawa.”

Ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Na zaci zagi zan sha. Sai ta zaunar da ni a bakin gado ta fara jefo tambayoyi kamar mai cinikin kifi.

“Ƙaiƙayi?”

“Kamar in mutu, Doña.”

“Zafi in kina fitsari? Farin abu mai kauri?”

Na gyaɗa kai.

“Da wari?”

“Babu.”

“Kin sha magani kwanan nan?”

“Na haƙori. Kafso.”

Ta kai hannu ta ƙwanƙwasa cikina, ya yi ƙara kamar ganga. “Wannan kuma tun yaushe?”

“Mako biyu. Dare da rana.”

“Budurwa Maryamu!” Ta dafe kai. “Yarinya, dafa kanki kike yi? Duk cikin da na yi sai da na yi wannan abin. Ƙanwata sista ce, tun tana 'yar sha takwas ta shiga gidan zuhudu, namijin da ta sani bai wuce fada da mai kawo gas ba, ita ma ta yi har sau biyu. Juya in cire miki masifar nan.”

Na juya. Zif ya ƙi. Gumi da matsi sun sa ya ci yadi, ƙugiyoyin sun lanƙwashe sun shige juna. Ta ja, na ja, muka yi haki tare. Ta tsaya tana kallon teburin ɗinkinta, inda almakashi ke kwance a ƙarƙashin farin ƙyalle da ta rufe shi da shi tun jiya. Ta kalli hoton Yesu a bango. Ta yi alamar gicciye.

“Ka gani dai,” ta ce masa, “ba ɗinki zan yi ba.”

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Fajar ta rabe biyu, cikina ya dawo gida, na ja numfashin da rabona da shi mako biyu. Ta ba ni wata rigar zaman gida ta auduga mai furanni, wadda ni da ita da Mami za mu shiga mu bar wuri. Ta riƙo fajar da yatsa biyu muka fito, ta ajiye ta a cinyar Tía.

“Ga wanda ya ba ta ciwo. Ɗana bai ɗaure kowa kamar alala a ganye ba. Amma ni ba likita ba ce, kuma akwai cututtukan da ke kama da juna. Gobe ku kai ta a duba.”

“Likitan zai faɗa,” in ji Tía, tana gyara zama. Ledar ta ce ƙiii.

Likitar ta faɗa kuwa. Ranar Asabar a ƙaramin asibitin unguwa, wata matashiya mai gajeren gashi ta duba ni a bayan labule, ta ɗauki ɗan abin da za ta gwada, sannan ta zaunar da mu uku.

“Ba abin tashin hankali ba ne,” ta ce. “Wata ƙwaya ce dangin yis, wadda dama tana zaune a jikin mata da yawa ba ta cutar da kowa. Akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taka mata birki. Kafson haƙori ya kashe masu cutar, ya haɗa da masu gadin. Ga zafi, ga danshi, ga roba ba iska. Ta samu gida ta yaɗu. Sabulu mai ƙamshi da wanke ciki kuma sun ƙara fusata wurin.”

“Ba namiji ke kawo shi ba?” Tía ta tambaya, ido a ƙanƙance.

“Ba sai da namiji ba, Doña. Mafi yawan mata sai sun yi shi ko sau ɗaya a rayuwa. Masu ciki na yi, masu shan wasu ƙwayoyin tsarin iyali na yi, wadda jikinta ya yi rauni na yi. In kuma yana ta dawowa, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, to mukan auna sukari, don ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana ciyar da ita.”

Tía, wadda gora ke bakinta, ta sauke ta a hankali ta tura cikin jaka. Na gani, amma hankalina na kan waya.

Aka ba ni maganin shafawa da na sakawa, aka ce kamfan auduga, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a wanke waje kawai da ruwa, a bar ciki ya ji da kansa. Faja kuwa likitar ta ce in ba ta hutu mai tsawo. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A mota na rubuta wa Dairo, na goge, na sake rubutawa.

“Ban taɓa zarginka ba ko na minti ɗaya. Kunya ce ta rufe min baki. Likita ta ce ciwon daga faja ne da maganin haƙori. Ka yafe min.”

Saƙon ya shiga. Ba a buɗe ba. Na duba da la'asar, na duba ina shanya, na duba ina cin abinci, har Mami ta ce zan huda wayar da ido. Jikina ya fara sauƙi, zuciyata kuwa ba maganin shafawa.

Ranar Lahadin Ista, bayan an dawo daga coci, muna zaune a baranda. Ni cikin rigar Doña Ledis, don na rantse ba zan ƙara saka abin da ya san siffata ba. Tía cikin fajarta, tana fifita da kwali. Sai ga ƙarar babur. Dairo ya sauko da fanka mai tsayi ɗaure a bayansa da leda a hannu. Ya gaida Mami, ya gaida Tía har da ɗan rusunawa, sannan ya tsaya a gabana.

“Na ga saƙonki tun jiya ta saman waya,” ya ce. “Na ƙi buɗewa ne ki ɗanɗana yadda shiru yake.”

“Na ɗanɗana.”

“Ba maganar Tía ta ƙona min rai ba, Yuranis. Kina ciwo mako guda kina ce min aiki. Ciwo ne fa, ba sata ba. In haƙori ne kina gaya min, in can ne sai ki gudu? To in mun yi aure fa, ta taga za ki dinga fita?”

Na yi dariya da hawaye a haɗe. Ya miƙo min ƙunshi daga cikin ledar. Na buɗe. Kamfai ne farare na auduga, manya-manya, irin waɗanda in aka shanya su maƙwabta sai su zaci an miƙa wuya a yaƙi.

“Mama ce ta aike ni kasuwa jiya,” ya ce yana sosa ƙeya. “Mai shagon ta tambaye ni ko na kakata ne. Na ce na sarauniya ne. Har yanzu suna dariya a layin.”

Sai ya sake zura hannu a ledar ya zaro wani ƙunshin, wanda ya fi nawa girma, ya miƙa wa Tía da hannu biyu.

“Wannan naki ne, Doña Eufrasia. Saƙon Mama ne, ni ɗan aike ne kawai.” Ya kafe idonsa a ƙasa. “Ta ce kujeru biyu ne suka yi ƙara a falonta ranar Juma'a. Ta ce kuma don Allah ki je a auna miki sukari, ta ga yadda kika shanye mata tulu kina zaryar banɗaki.”

Kwalin fifita ya tsaya cak. A take komai ya dawo min: gorar ruwa, gyaran zama, bahon ruwan ganyen da na tarar a shirye kamar dama ana amfani da shi. Ashe Tía ta daɗe tana fama. Macen da ba ta taɓa aure ba, wadda ta yi imani da zuciya ɗaya cewa namiji kaɗai ke kawo wannan ciwo, wa za ta gaya wa? Tausayinta ya kama ni, har haushin da nake ji ya narke.

Sai Mami, Mamin da ba ta ƙara gishiri sai da izini, ta gyara murya. Ta juya ta kalli yayarta da fuskar salihai.

“Eufrasia,” ta ce, “wa ya ba ki?”

Na toshe baki. Dairo ya juya yana nazarin bango. Fuskar Tía ta yi ja. Sai wata dariya ta ƙwace mata, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har da riƙe ciki, har faja ta hana ta ƙarasawa ta koma tari.

“Tun kafin Kirsimeti,” ta ce tana share ido da bakin mayafi. “Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Na zaci hukunci ne na wani zunubin da ban tuna ba.”

“Gobe zan raka ki,” in ji Mami.

Tía ta rungume ƙunshin a cinya. Ta ɗaga kai ta dubi Dairo, tun daga takalmi har gashi, kallon da take wa yadi kafin ta saya.

“Na yi maka ƙazafi a gaban uwarka,” ta ce. “Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Ja kujera ka zauna, akwai shinkafar kwakwa da kifi.” Ta nuna fankar da haɓa. “Amma fara jona wannan. Ka juyo da ita wajena.”

Shekara guda yana zuwa gidan nan, bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Ya jona fankar, ta tashi ba ko ƙara, iska ta ɗaga mayafin Tía. Ta lumshe ido.

“Ashe iskar ma ana ci,” ta ce.

Ina zuba masa abinci cike da murna, sai wayata ta yi ƙara a aljihun rigar. Baƙuwar lamba. Na buɗe.

“'Yata, Ledis ce. Rawar Juma'a na yafe. Amma alawar doyar nan taki ta hana ni sukuni. Na sayi doya da madara, Asabar ki zo ki dafa a gabana in koya.”

Na kalli Mami. Mami ta leƙa wayar, ta karanta, ta mayar da idonta cikin faranti.

'Yan'uwa, ni fa ko ruwan zafi na ɗora sai ya ƙone.